Tikitin Yabo a Aji: Taimako Ne Ko Toshiya?

Wani lokaci yaro yakan dawo daga makaranta da 'yar takarda a aljihu, wadda malaminsa ya sa wa hannu. In an tambaye shi, sai ya ce tikiti ne, ya same shi domin ya zo da wuri, in kuwa ya tara goma za a ba shi fensir. Iyaye sukan rabu biyu a kan wannan. Waɗansu su ce madalla, gara haka da bulala. Waɗansu kuwa su ce ai wannan toshiya ce, ana koya wa yaro kada ya yi abin kirki sai an biya shi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Mu da muke koyarwa a makarantun ekklesiya a ƙasar Doguwa muna so mu shimfiɗa maganar a gaban iyaye, gama 'ya'yan naku ne, amana ce kuka ba mu.

HALIN DA MUKE CIKI

Ƙasar Doguwa ita ce ƙarshen Jihar Kano ta kudu. Mai bin hanyar Kano zuwa Jos, in ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, ya iso wurinmu ke nan, gaba kaɗan kuma sai Jihar Kaduna wajen Saminaka. Hedkwatar ƙaramar hukumar tana Riruwai, garin da aka san shi da kuza tun zamanin Turawa. Ƙasar noma ce mai albarka, masara da dawa da shinkafa da rake duk suna yi. Hausawa da Fulani da Kurama suna zaune tare, Kirista da Musulmi.

A irin wannan ƙasa masu kiran yaro suna da yawa. Da damina gona tana kiransa, da kaka masussuka tana kiransa, ranar kasuwa talla tana kiran yarinya, ramin kuza kuma yana kiran wanda ya fara tasawa. Duk waɗannan biyansu a hannu yake. Wanda ya yini yana ɓarar masara, da yamma zai ga abin da ya samu. Amma makaranta, ladanta yana can gaba, bayan shekara goma ko fiye. Ɗan shekara bakwai ba ya iya hangen shekara goma. Ko mu manya ma da ƙyar muke yi.

Ga kuma cikar aji. Tun da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi wa malamai yawa, har wa yau kuwa ba a gama warware matsalar ba. A 2024 sai da Gwamnatin Jihar Kano ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Malami guda a gaban yara masu ɗimbin yawa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne bulala.

Mun sani Littafin Karin Magana ya yi zancen sanda wajen horon yaro, ba ma kuwa musun cewa horo wajibi ne. Amma ku dubi Bafulatani da shanunsa. Sanda tana hannunsa yini zubur, duk da haka ya fi nuna hanya da ita bisa ga duka. Manzo Bulus kuma, cikin sura 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, ya gargaɗi ubanni kada su riƙa tsokanar 'ya'yansu har su fusata. Bulala tana gaya wa yaro abin da zai bari, ba ta koya masa abin da zai kama. Wanda aka zane saboda makara, gobe in ya ga rana ta ɗaga, sau da yawa ba zai ƙara sauri ba. Zai shige cikin masara ya zauna har a tashi. Daga nan sai fashi, daga fashi sai barin makaranta ɗungum.

ABIN BA BAƘO BA NE

Tsarin tikiti sauƙi gare shi. Malami ya faɗa wa yara halin da yake so. Duk sa'ad da yaro ya yi, nan take a ba shi alama, ko 'yar takarda, ko tauraro a gaban sunansa. In alamun sun taru, a musanya masa da wani abin da yake so. Watau an ɗauko ɗan kaɗan daga ladan nan mai nisa, an kawo shi kusa inda idon yaro zai gani.

Kakanninmu sun san wannan hikima. A gidan gandu, uba yakan yanka wa ɗansa gayauna, ya ce abin da ta ba ka naka ne. Da haka yaro yake koyon noma da zuciya ɗaya. A wurin gayya makaɗi yakan kama sunan wanda ya fita gaba da kunyarsa, sai ka ga saura sun ƙara himma. Wanda aka aiko da kyauta akan ba shi tukuici. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, in yaro ya sauke karatu, akan yi wa allonsa zayyana, a yi walima, a zaga da shi wurin dangi.

Ko tikitin kansa yana da ɗan'uwa a tarihinmu. Har zuwa farkon mulkin Turawa da wuri ake ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa. Wuri ba a cinsa, ba ya maganin sanyi. Darajarsa ita ce kowa ya tabbata za a karɓa. Ran da aka daina karɓa, sai ya zama abin ado. Haka tikitin malami yake: ran da ya yi alkawari bai cika ba, ran nan tikitinsa ya koma takardar banza.

A Ingila kuwa, wani saurayi mai suna Joseph Lancaster ya buɗe wa 'ya'yan matalauta makaranta a Landan a 1798. Yara suka taru masa ɗaruruwa, ba shi da kuɗin ɗaukar malamai. Sai ya sa manyan yara su koyar da ƙanana. Daga tsari irin nasa ne aikin monita ya bazu cikin makarantu. Ya riƙa ba masu ƙoƙari tikiti, su tara su karɓi ƙwallo ko hotuna ko wani abin wasa. Makarantun Lahadi na Ingila da Amurka su ma sun daɗe suna ba da tikiti saboda haddace ayoyi.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

A shekarun 1960 masana halin ɗan Adam suka gwada abin da awo. Teodoro Ayllon da Nathan Azrin sun fara da wani asibitin masu taɓin hankali a Jihar Ilinoi ta Amurka, inda marasa lafiya suke samun alama in sun yi wanka ko sun yi ɗan aiki. Suka buga littafi a kan sakamakon a 1968.

A 1967 Daniel O'Leary da Wesley Becker suka ba da labarin wani aji na yara 17, 'yan shekara tara, waɗanda suka gagari malamarsu. Aka rubuta dokoki a allo, malama ta riƙa sa wa kowane yaro maki a ɗan littafinsa, ana musanya makin da alewa ko kayan wasa. Fitina ta ragu ƙwarai. Abin lura shi ne, da tafiya ta yi tafiya suka riƙa jinkirta musanyar, har ta kai sai bayan kwana huɗu, fitinar kuwa ba ta dawo ba.

A 1969 kuma, a Jihar Kansas, Harriet Barrish da Muriel Saunders da Montrose Wolf suka fito da wata dabara ta ƙungiya. Aka raba aji biyu. Duk wanda ya yi surutu ko ya bar wurin zamansa ba izini, a sa wa ƙungiyarsa zane a allo. Ƙungiyar da zanenta ya fi kaɗan ita ta ci, in kuwa dukansu sun kiyaye, dukansu sun ci. Ladan ba wani abin kuɗi ba ne: fita da wuri zuwa cin abinci, ko ƙarin lokacin wasa. Daga baya aka yi wannan a azuzuwan farko na birnin Baltimo a tsakiyar shekarun 1980, aka bi sawun yaran har suka zama samari. Sai aka tarar yara mazan da suka fi fitina a farko, waɗanda aka yi wa dabarar, ba su faɗa cikin shaye-shaye kamar takwarorinsu da ba a yi wa ba.

Ashe dai abin yana aiki. Amma wuƙar da take yanka nama ita take yanka yatsa.

INDA HAƊARIN YAKE

Wani marubucin Amurka, Mark Twain, ya buga labarin wani yaro Tom Sawyer a 1876. A Makarantar Lahadin da ke cikin labarin, aya biyu tikiti shuɗi guda, shuɗi goma ja guda, ja goma rawaya guda, rawaya goma kuwa a ba yaro Littafi Mai Tsarki. Watau sai an haddace aya 2,000. Tom bai haddace ba. Ya sayi tikitin abokansa da tarkacen aljihunsa, ya fito gaban jama'a ya karɓi kyautar. Da babban baƙo ya tambaye shi sunayen almajirai biyu na farko, sai ya kira Dawuda da Goliyat. Labarin ƙage ne, amma duk malamin da ya taɓa ba da tikiti ya san irin su Tom. In tikiti ya zama shi ne abin nema, yaro zai bi hanyar da ta fi gajarta zuwa gare shi.

Akwai haɗari na biyu, wanda ya fi wannan ɓuya. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka yi gwaji a wata makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yaran da dama can suke son zane, suka raba su uku. Kashi na farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo. Kashi na biyu aka ba su takardar bayan sun gama, ba tare da an yi musu alkawari ba. Kashi na uku ba a ba su kome ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zane, kowa ya yi in ya ga dama. Yaran da aka yi wa alkawari suka yi wajen rabin abin da saura suka yi. Abin da suke yi don daɗi ya zama musu ƙodago, ba biya kuwa ba aiki.

To, iyayen da suka ce toshiya ce, ga inda gaskiyarsu take. Amsarmu ita ce tikiti kamar nonon uwa yake. Jariri yana bukatarsa, amma ba uwar da take fara shayarwa ba ta san ranar yaye tana zuwa ba. Tun kafin ranar takan fara ba shi koko da ɗan tuwo, har cikinsa ya saba. Malamin da ya fara ba da tikiti bai shirya yaye ba, ya ɗauko abin da zai dame shi.

YADDA ZA A YI SHI DAIDAI

Ga abubuwan da muke ba malaman firamare da na Makarantar Lahadi shawara su kiyaye.

Na ɗaya, a zaɓi hali biyu ko uku kaɗai, a faɗe su a fili. “Ku zama yaran kirki” ba doka ba ce, gama yaro bai san inda zai kama ba. A ce: ka iso kafin ƙararrawa, ka ɗaga hannu kafin ka yi magana, ka gama aikin da aka ba ka.

Na biyu, a ba da tikitin nan take, a haɗa shi da magana. Malami ya kira sunan yaron, ya ce, “Na ga ka jira har ƙanwarka ta gama magana, ka kyauta.” Maganar nan ita ce kokon da za a yaye shi da shi. Tikiti zai wuce, ita za ta zauna.

Na uku, a yi alamar da ba a iya tsinta a hanya. Ƙwallon tsamiya da marfin kwalba suna da araha, amma gobe kowane yaro zai zo da aljihu cike. A yanka kwali, malami ya sa hannu, ya rubuta sunan mai shi a kai, ya kuma riƙe lissafi a littafinsa. Da haka ba mai sayen na wani, ba kuma babban da zai ƙwace na ƙarami a hanyar gida.

Na huɗu, lada ya zama ƙarami, kada kuwa ya zama kuɗi. Fensir, alli, littafin rubutu, sun isa. Waɗanda ba a saye ma sun fi daɗewa: buga ƙararrawa, zaɓen waƙar da za a rera da safe, riƙe ƙwallo ranar wasa, share wa malam allo. Kada malami ya yi alkawarin abin da albashinsa ba zai ɗauka ba. Alkawari kaya ne.

Na biyar, a auna yaro da jiyansa. In mai ƙwaƙwalwa ne kullum yake kwashe tikiti, saura za su fid da rai tun makon farko. Yarinyar da take ɗebo ruwa kafin ta taho daga ƙauye mai nisa, in da tana makara kwana biyar yanzu ta koma biyu, ta cancanci yabo fiye da ɗan gidan da ke jikin makaranta. Wanda ya fi kowa fitina shi ya kamata malami ya fi sa wa ido, don ya kama shi yana yin daidai.

Na shida, abin da yaro ya samu ya samu. Kada malami ya ƙwace tikitin jiya cikin fushin yau. Laifi yana da nasa horo dabam. Kada kuma a kafa sunayen marasa tikiti a bango don a kunyata su.

Na bakwai, kada a biya yaro a kan abin da yake so da kansa. Mai son waƙa, a bar shi ya rera. Mai son karatu, a ba shi wani littafi. Tikiti na wurin da tafiya ta cije ne.

Na takwas, a sa ranar yaye tun daga farko. Misali, makonni biyu na fari a riƙa musanya kowace rana. Sa'an nan a mai da shi ranar Juma'a kaɗai. Daga nan a koma tarawa ta ƙungiya, aji duka su cika tulu guda, in ya cika a yi musu yammacin wasa ko tatsuniya. Kafin ƙarshen zango a bar tikiti, yabo ya ci gaba. A gaya wa yara gaskiya, cewa an bari ne domin sun girma.

ABIN DA BA A SAYE

Yanzu mun zo ga abin da ya fi nauyi a gidan Kirista. Littafi Mai Tsarki bai ƙi lada ba. Cikin misalin talanti a Matiyu sura 25, maigida ya yabi bayin da suka yi aminci, ya ƙara musu amana. Amma cikin Matiyu sura 20 mai gonar inabi ya ba wanda ya zo da la'asar daidai da wanda ya fara da sassafe, don ya nuna alherinsa ba a auna shi da mudu. A Luka sura 15 kuma, babban wan nan da ya tsaya a waje yana lissafin shekarun da ya yi yana bauta, ya mai da ubansa kamar mai ƙodago, har ya kasa murna da dawowar ƙanensa.

Yaron da ya tashi yana ganin kowane abin kirki da farashinsa, yana iya ɗauka Allah ma haka yake, yana zaune da kwalin tikiti. Irin wannan yaro, in ya yi nasara sai girman kai, in ya faɗi sai ya ce Allah ya ƙi shi. Wasiƙar Afisawa sura 2 ta koya mana ceto kyauta ce, ba ladan aiki ba. Saboda haka akwai wuraren da tikiti ba ya shiga ko kaɗan. Ba a ba da shi don yaro ya yi addu'a, ko don ya ce ya tuba, ko don ya ce ya karɓi Yesu. Wanda ya tuba saboda fensir, fensir ya karɓa. Ubangijinmu da kansa, a Matiyu sura 6, ya yi kashedi a kan addu'a da sadaka da ake yi don idon mutane.

Haddar ayoyi fa? Ba laifi a ƙarfafa ƙananan yara da 'yar kyauta, muddin malami zai tambayi ma'anar ayar, kada ya tsaya ga yawanta. Littafi Mai Tsarki kuwa, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932 bayan wahalar shekaru, gara ekklesiya ta yi ƙoƙari kowane yaron da ya iya karatu ya sami nasa, maimakon a ajiye guda ɗaya ga wanda ya fi kowa kai.

Har wa yau, inda maƙwabtanmu Musulmi suka amince suka kawo 'ya'yansu makarantar ekklesiya, kada a taɓa ɗaura tikiti a kan wani abu na addini. Zuwa da wuri, tsabta, gaskiya, ladabi, waɗannan kowane uba yana so. In aka wuce nan, an ci amana, an kuma ɓata sunan Almasihu da zaman lafiyar gari.

AIKIN IYAYE

Ya ku iyaye, in ɗanku ya kawo tikiti, kada ku tambaye shi guda nawa ya tara. Ku tambaye shi me ya yi aka ba shi, ku yaba wa aikin. Kada ku ƙara masa kuɗi a kai, kada ku doke shi ran da ya dawo hannu wofi, kada kuma ku gwada shi da ɗan maƙwabci. Aikin gida, su shara da ɗebo ruwa da kai wa kaka abinci, a bar shi yadda muka gada: ana yi ne domin mu 'yan gida ɗaya ne. Ku je makaranta ku tambayi malami wane hali yake nema, da ranar da zai bar tikitin. Malami na gari zai ji daɗin tambayar. Zumuntar mata da dattawan ekklesiya kuma suna iya tara 'yan fensira da littattafai a farkon zango, don kada nauyin ya zauna a kan malami shi kaɗai.

Fiye da duka, bari yaro ya sani ran da ya samu da ran da bai samu ba, tuwonsa yana nan, wurinsa a jikin uwarsa yana nan. A nan ne zai fara gane irin ƙaunar da Allah yake yi masa. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu mai taushi, don kada ya karye.

Allah ya ba malamai da iyaye hikima, ya raya mana 'ya'yan nan cikin tsoronsa. Amin.